Yadda Ake Yawaita Tsirran Ado a Gida da Yadda Ake Jera Su

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san cewa ba kowace shuka ake samu daga ƙwayar iri ba. Rogo da karansa ake dasa shi, rake da gaɓarsa, dankali da yaɗonsa, aguwa kuwa reshenta ake sarewa a kafa a iyakar gona har ta zama shinge. Ita ma ceɗiyar da dattawa ke zama a inuwarta a ƙofar gida, sau da yawa reshe ne wani ya kafa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki har ya kama. Wannan sani da manomanmu suka gada shi ne dai ake buƙata wajen yawaita tsirran ado na cikin gida, waɗanda mutane suka fi kira fulawa, sai dai a nan gonar tukunya ce, kuma kuskure kaɗan wajen ban ruwa yana iya kashe abin da aka yi wata biyu ana jira. Mai sha'awar wannan aiki ba sai ya koma wurin masu sayar da fulawa na bakin titi ba duk lokacin da ya so ƙarin tukunya, domin uwa guda mai lafiya, idan an san yadda ake cire mata 'ya'ya, tana iya cika baranda cikin shekara biyu, har a ɗiba a ba maƙwabta.

Kafin a ɗauki wuƙa, akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa kowane tsiro: shin yana ajiye ruwa a jikinsa ko ba ya ajiyewa? A ganina wannan tambaya ita ce rabin aikin. Moda, alobera, kariya da shuka-halinka suna da ganye ko kara mai kauri da ke cike da ruwa, saboda haka idan an yanka su dole a bar wurin yankan ya bushe kafin ya taɓa ƙasa, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Fotos, wannan mai yaɗo da ganye kamar zuciya wanda masu sayarwa ke kira moni filan, da kolus mai ganye ja da ruwan ɗorawa, da na'ana'a da daddoya, su kuma jikinsu laushi gare shi, idan aka yanka aka ajiye na sa'o'i kaɗan a busasshiyar iska sai su yaushi, don haka su ana gaggauta sa su a ruwa ko a ƙasa mai danshi. Mafi yawan asarar da na gani a gidajen mutane daga gauraya waɗannan hanyoyi biyu take zuwa: a ɗauki ɗanyen ganyen moda a dasa shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko a bar reshen kolus a kan dakali tun safe har la'asar.

Zaɓen lokaci

A ƙasar Hausa, daga Zariya da Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, lokacin da ya fi dacewa da yankan tsirrai masu laushi shi ne farkon damina, wato watan Yuni da Yuli, lokacin da zafin bazara ya sauka, iska ta yi laima, kuma uwar kanta tana cikin ƙarfin toho. Masu kauri sun fi son ƙarshen bazara, gab da saukar ruwa, domin akwai ɗumi kuma wurin yankan yana saurin bushewa. Idan aka bari sai Agusta, lokacin marka, dole a ajiye su a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba zai same su ba. Hunturu ba lokacin yanka ba ne sai da larura. Laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sanyin dare yana jinkirta fitar saiwa, reshen da ba shi da saiwa kuwa ba shi da hanyar mayar da ruwan da iska ta kwashe.

Kayan aiki da haɗin ƙasa

Kayan ba su da yawa: sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, ɗan sifirit na goge ta tsakanin tsiro da tsiro don kada a ɗauki cuta daga wannan a kai wa wancan, kwalabe masu tsabta, farar leda, da ƙananan tukwane ko gwangwanaye. Wuƙa mai dakushi tana murƙushe kara maimakon ta yanka shi, kuma daga wurin da aka murƙushe ruɓa take farawa.

Ƙasa ita ce wurin da ya kamata a tsaya a yi a hankali. Ƙasar tsakar gida da ake takawa kullum, ko laka ta fadama, idan aka zuba ta a tukunya takan daskare kamar bulo, ruwa ya kwanta a sama, saiwa ta rasa iska. Ga tsirrai masu laushi, a haɗa kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na yashin rafi mai gwari, kashi 1 na takin da ya ruɓe sosai, sannan a barbaɗa dakakken gawayi cikin tafin hannu. Ga masu kauri sai a juya lissafin: kashi 2 na yashi mai tsakuwa, kashi 1 na ƙasa, kashi 1 na gutsattsarin gawayi ko fasasshen jan bulo, taki kuwa ɗan kaɗan ya isa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗan jiƙa haɗin, a dunƙule shi a hannu, a buɗe hannun. Idan ya tsaya amma da an taɓa shi da yatsa ya warware, ya yi, idan kuwa ya zauna kamar curin fura, yana bukatar ƙarin yashi.

Takin shanu ko na awaki ya yi, muddin ya daɗe a ajiye har ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana janyo gara. Ga reshen da ake jiran ya fitar da saiwa ma ba a sa taki ko kaɗan. Wankakken yashi zalla, ko yashi da ƙonannen ɓuntun shinkafa, ya fi masa, domin a wannan mataki iska da danshi yake nema, ba abinci ba.

Kowace tukunya dole ta kasance da huda a ƙasa. Wasu kan zuba tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da huda suna ganin hakan ya wadatar, alhali ruwan yana nan a kwance, saiwa za ta kai gare shi ta ruɓe. A ɗora tsingaro guda a kan hudar don kada ƙasa ta zube, shi ke nan. Ni tukunyar ƙasa na fi so, saboda jikinta yana numfashi, tana sanyaya saiwa da bazara kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, kuma tana yafe wa mai yawan ban ruwa. Idan akwai maginan tukwane kusa, a roƙe su su huda gindin tun tana ɗanya kafin a gasa. Idan kuwa gasasshiya aka saya, a jiƙa ta a ruwa ta kwana, a kifa ta a kan yashi, a huda a hankali da ƙusa. Bokitin fenti da galan da aka yanke suna aiki, sai dai suna riƙe ruwa fiye da ta ƙasa, baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi sosai idan rana ta doke ta.

Masu laushi: yanka a sa a ruwa

Fotos shi ne ya fi dacewa mai koyo ya fara da shi. A dubi yaɗonsa, za a ga a duk inda ganye ya fito akwai gaɓa, kuma a bayan gaɓar akwai ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa. Daga nan saiwa take fitowa, kamar yadda take fitowa daga gaɓar rake. Ganye kaɗai ba tare da gaɓa ba zai iya yin makonni yana kore a cikin kwalba amma ba zai taɓa zama sabon tsiro ba. Da sassafe, kwana guda bayan an ba uwar ruwa, a zaɓi yaɗo mai lafiya, a yanka santimita 1 a ƙasan gaɓa, tsawon yankan ya kai santimita 10 zuwa 15, da gaɓa 2 ko 3. A cire ganyen da ke ƙasa, a bar ɗaya ko biyu a sama, a tsoma a kwalba yadda gaɓar ƙasa za ta nutse amma babu ganyen da ya taɓa ruwa, domin ganyen da ya nutse shi ke fara ruɓewa ya ɓata ruwan. A ajiye kwalbar a wuri mai haske wanda rana ba ta bugunsa kai tsaye.

Cikin mako 1 zuwa 3 za a ga fararen saiwoyi. Kolus da na'ana'a sun fi haka sauri, sau da yawa mako guda ya ishe su. Idan saiwar ta kai santimita 3 zuwa 5, lokacin dashe ya yi, kuma bai kamata a jinkirta ba, domin saiwar da ta daɗe a ruwa tana shan wahala kafin ta saba da ƙasa. A dasa yanka 4 ko 5 a tukunya guda idan ana son ta cika ta yi kyan gani, a ba su ruwa sosai a ranar farko, sannan a riƙe ƙasar da danshi na mako biyu kafin a fara barin samanta yana bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

A nan akwai gargaɗin da ban yarda a tsallake shi ba. Ruwan da ya kwanta a kwalba, ko a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, wurin haihuwar sauro ne, musamman irin nan mai zanen fari a ƙafa wanda ke cizo da rana, mai yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai a yanayin zafi. Saboda haka a riƙa canja ruwan kwalba duk bayan kwana 3, a wanke cikinta a cuɗe, domin ƙwan yana manne wa jikin kwalbar a daidai bakin ruwa, sannan a toshe bakinta da auduga ko guntun soso. Farantin ƙarƙashin tukunya kuwa a zubar da ruwansa rabin sa'a bayan ban ruwa, ko a cika shi da yashi.

Wanda ba ya son hanyar kwalba zai iya kafa yankan kai tsaye a yashi mai danshi, ya kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, ya bar bakin a buɗe don iska. Wannan ita ce hanyar da ke taimakawa idan larura ta sa an yi yanka da hunturu, amma a inuwa ake ajiyewa, domin a rana gorar dafa tsiron za ta yi.

Masu kauri: yanka, shanya, sannan dasa

Moda 'yar gida ce. Irin da aka fi sani a matsayin tsiron ado, mai dogayen ganye tsaye kamar takobi, asalinsa Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya zuwa Kongo, kuma tun da daɗewa ana cire zare mai ƙarfi daga ganyen danginta a yi igiya da tsirkiyar baka. Hanyoyin yawaita ta biyu ne. Ta farko, wadda ta fi sauri, ita ce rabawa: a kwantar da tukunyar, a zare uwar gaba ɗaya, a karkaɗe ƙasa, za a ga kara mai kauri a kwance yana haɗa uwa da 'ya'yanta. A yanka shi da wuƙa yadda kowane ɓangare zai tafi da saiwarsa da ganyensa, a bar su a inuwa kwana 1 ko 2, a dasa a busasshen haɗi, kada a ba da ruwa sai bayan kwana 5 zuwa 7.

Hanya ta biyu ita ce ta ganye, wadda ke ba da yawa amma tana cin lokaci. A yanke ganye guda daga gindi, a gutsuttsura shi santimita 8 zuwa 10, kuma tun ana yanka a riƙa yi wa ɓangaren ƙasa alama, ko da ɗan tsaga ne ko da biro, domin guntun da aka kafa a juye ba zai fitar da saiwa ba. Na taɓa yin asarar ganye biyu cur a farkon farawata saboda na zuba gutsattsarin a faifai suka gauraye, na kasa bambance sama da ƙasa, kuma abin ya dame ni ƙwarai domin kyauta aka ba ni uwar. A shanya gutsattsarin a inuwa kwana 2 zuwa 3 har bakin yankan ya bushe ya yi kamar fata, a kafa su zurfin santimita 2 zuwa 3 a yashi, a riƙa ɗan yayyafa ruwa sai yashin ya bushe. Saiwa kan fito cikin wata 1 zuwa 2, ɗan tsiron kuwa yakan ɗauki wata 3 ko fiye kafin ya leƙo daga ƙasa. Kada a riƙa tumɓuke su ana dubawa. A ɗan ja a hankali, idan an ji ya riƙe, saiwa ta fito. Abu guda da ya kamata a sani shi ne, modar nan mai layin ɗorawa a gefen ganye, idan aka yawaita ta ta hanyar ganye, 'ya'yan kore zalla za su fito ba tare da layin ba. Mai son layin dole ya bi hanyar rabawa.

Alobera kuwa ba a samun ta daga ganye, duk da abin da ake yawan nunawa a intanet. Ganyen ruɓewa yake yi. 'Ya'yan da ke fitowa a gindinta ake cirewa idan sun kai tsawon yatsa ko fiye, da ganye 4 ko 5 da 'yar saiwarsu, a shanya kwana 2, a dasa ba da zurfi ba, a hana su ruwa na mako guda.

Shuka-halinka ta fi kowa sauƙi. A tsinko babban ganye, a kwantar da shi a kan ƙasa mai ɗan danshi, a danne gefensa da 'yar tsakuwa. Daga kowane lungu na bakin ganyen sai ɗan tsiro ya fito da saiwarsa cikin mako 2 zuwa 3. Sauƙin nata shi ne kuma matsalarta, domin duk ganyen da ya faɗi tsirowa yake, don haka a tsare ta a tukunya, kuma a nisanta ta daga awaki da tumaki, tana cutar da dabbar da ta ci ta da yawa.

Kariya, wadda ke fitar da furanni ja da fari a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, ita ma ta yankinmu ce, a dajin Sahel take fitowa da kanta. Ana yanka reshenta santimita 15 zuwa 20, a shanya shi kusan mako guda, a kafa a yashi a wuri mai ɗumi. Sai dai wadda aka samu daga reshe ba ta saurin yin ƙaton gindin nan mai kama da tulu wanda shi ne rabin kyanta. Wannan daga iri ake samunsa. 'Ya'yanta biyu-biyu suke fitowa kamar ƙahoni, kuma idan sun nuna sai su tsage iska ta kwashe irin, domin yana da gashi, saboda haka a ɗaure su da zare tun kafin su tsage. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a rufe shi da ƙasa kaɗan, sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka. Ruwan jikin kariya guba ne, har maharba sun yi amfani da shi a dafin kibiya, don haka a sa leda ko safar hannu, a wanke hannu da wuƙa da sabulu, kada ya taɓa ido.

Jera su

Kuskuren da aka fi yi wajen jerawa shi ne a fara zaɓen wurin da tsiro zai yi kyau, sannan a yi fatan ya rayu a wurin. Haske ake fara dubawa. A tsaya a wurin da tsakar rana a miƙa hannu: idan inuwar hannun ta fito sarai da iyakarta, wurin na kariya ne da alobera, idan inuwar ta fito amma gefenta ya dusashe, wurin fotos ne da kolus, idan da ƙyar ake ganin inuwa, moda kaɗai za ta jure, ita ma jurewa ce kawai, ba za ta yi girma ba. Tagar gabas ta fi kowace kyau, domin hantsi ba ya ƙona ganye. Tagar yamma tana bukatar labule marar kauri, musamman a Maris da Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: a daidai Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, rana tana karkata kudu da hunturu, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta takan bi ta arewa. Ke nan bangon da ya ba da inuwa a Disamba yana iya zama cikin rana a Yuni, kuma dole tukwane su riƙa ƙaura tare da inuwar. Duk tsiron da za a fitar daga ɗaki zuwa rana, a yi masa a hankali cikin mako biyu, sa'a guda, sa'a biyu, ana ƙarawa, ko da alobera ce, in ba haka ba ganyen zai ƙone ya yi ja.

Idan an gama da haske sai a zo ga ado, kuma a nan ba mu rasa abin koyi ba. Duk wanda ya ga yadda mata ke yin jere a ɗakin amarya ya san ƙa'idar: manya a baya, ƙanana a gaba, iri ɗaya kusa da juna, kuma ba a cusa komai da komai. Haka ake yi da tukwane. A sa moda mai tsayi a baya ko a kusurwa, mai faɗi kamar alobera a tsakiya, mai zubowa kamar fotos a bakin kanta ko a sama. Tukwane 3 masu bambancin tsayi a wuri guda sun fi 10 da aka jera a layi ɗaya kamar buhuna a kasuwa. Idan tsirran launinsu ya bambanta, tukwanen su zama iri ɗaya; idan kuwa tsirran iri ɗaya ne, to a nan ne tukunya mai zane take fitowa. Jan tukunyar ƙasa a jikin farin bango, ko bokitin roba da aka ɓoye cikin kwandon kaba, sun fi mini tukwanen roba masu ƙyalli da ake shigowa da su. Tara su wuri guda yana da wani amfanin ban da kyau, domin da hunturu suna riƙe wa juna laima.

Ga masu yaɗo, ragaya ita ce abin da ya fi dacewa, wannan saƙar igiya da iyayenmu ke rataye ƙwaryar nono da ita. A rataye ta a baranda da ƙugiya mai ƙarfi, a tuna cewa jiƙaƙƙiyar tukunya ta fi busasshiya nauyi sosai, kuma kada ta kasance a kan hanyar wucewa ko a saman wurin da ake shimfiɗa tabarma. Ratayewa tana kuma magance matsalar yara. Fotos da wani mai faffaɗan ganye mai ɗigon fari da ake kira difenbakiya suna da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini a ruwan jikinsu waɗanda ke ƙona baki da maƙogwaro idan an tauna, saboda haka a gidan da ke da mai rarrafe, su da kariya ba a ajiye su a ƙasa. Tukwanen tsakar gida kuwa a ɗora su a kan bulo ko benci, kada gindinsu ya taɓa ƙasa, domin ta hudar nan gara ke shiga, sannan a rufe saman ƙasar da tsakuwa saboda kaji masu tono.

A falo, a nisanta su daga bakin na'urar sanyaya ɗaki da iskar fanka kai tsaye, a riƙa juya kowace tukunya kwata guda duk mako don kada ta karkata wajen taga. Idan ɗakin duhu gare shi amma ana son kore a ciki, a yi tukwane biyu iri ɗaya, ɗaya a ɗaki ɗaya a baranda, ana musanya su duk mako biyu. Wannan ma yana daga cikin ribar iya yawaitawa. Masu sayarwa kan ce moda tana tace iskar ɗaki, suna dogara da wani binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi, kuma a ɗaki na gaske buɗe taga ya fi tukwane masu yawa tasiri. A ajiye ta saboda kyanta da juriyarta, waɗannan sun isa dalili.

Ruwa, ƙura da ƙwari

Ba a ban ruwa da kalanda. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu: ga masu laushi, idan an ji bushewa a ba su, ga masu kauri a jira ƙasar ta bushe har gindi. Idan za a bayar a bayar sosai har ya fito ta huda, da safe ko da yamma. Ganye mai ɗorawa da laushi tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa alamar ruwa ya yi yawa ne, ba ƙishirwa ba, kuma maganinsa a zare tsiron, a yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, a sake masa ƙasa. Ruwan sama ya fi kowane. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a bokiti. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse kuwa yana barin farin gishiri a bakin tukunya, don haka sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar. Ruwan wanke-wanke mai omo ba na tukunya ba ne.

Da hunturu ƙura takan rufe ganye ta tare masa haske, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi duk mako, sama da ƙasa, ba tare da an shafa masa mai ba. A lokacin gogewar ne ake ganin ƙwari tun ba su yi yawa ba: darɓa a kan sabon toho, da wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, wanda tururuwa ke yawan kewayawa. Idan kaɗan ne, a goge su da auduga da sifirit. Idan sun yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita 1 ta ruwa su kwana, a tace, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan kwana 7 har sau 3. A fara gwadawa a ganye ɗaya a jira kwana guda, kuma duk sabon tsiron da aka sayo ko aka karɓo a ware shi gefe na mako 2 kafin ya shiga cikin sauran.

Bayan shekara guda ko biyu, fotos yakan yi tsawo ya zubar da ganyen gindi, ya bar igiyoyi tsirara. Idan damina ta kama, a datse igiyoyin a bar gaɓa 2 ko 3 daga ƙasa, a gutsuttsura abin da aka datse gaɓa-gaɓa kamar yadda aka bayyana, a sa su a kwalba, idan sun yi saiwa a mayar da rabinsu cikin tukunyar uwar don ta sake cika, sauran kuma a buɗe musu sabuwar tukunya, a rubuta ranar dashen a jikinta da alli.